Kyaftin Hartenstein da Jirgin Laconia

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Damaga da kewaye, da na Maradun, da Bakura, da Talata Mafara, da duk wanda muryar nan ta iske shi a gona, ko a rumfar kasuwa, ko a zaure. Yau shirinmu zai bar tudu ya faɗa teku. Za mu bi sawun wani hafsan sojan ruwa na Jamus mai suna Werner Hartenstein, kwamandan jirgin yaƙi mai nutso a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke ce wa yaƙin Hitila.

Na san wani zai ce, mu da babban ruwan da muka sani shi ne na Bakolori, me ya haɗa mu da Bajamushe a ƙarƙashin teku? Akwai abin da ya haɗa mu. Tun 1929 layin dogo ya iso Ƙaura Namoda daga Zariya, ya biyo ta Gusau. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga na wannan yanki, wanda a lokacin yana cikin Lardin Sakkwato, jakuna da raƙuma ke kai su tasha, jirgin ƙasa ya sauke su a Apapa, jirgin ruwa ya kwashe zuwa Ingila. Ta hanyar nan kuma gishiri da kananzir da akoko ke shigowa. Jamusawa sun san Ingila tsibiri ce, da abin da jiragen ruwa suka kawo mata take ci. Shugaban rundunar jiragen nutso na Jamus, Karl Dönitz, lissafinsa ɗaya ne: a riƙa nutsar da jiragen kaya fiye da yadda Ingila za ta iya ƙera sababbi, yunwa ta sa ta saduda.

Wannan lissafi ya iso har bakin ƙofarmu. A watan Mayu na 1941, jirgin nutso mai lamba U-69 ya binne nakiyoyi a mashigar tashar Takoradi da ta Ikko, ya kuma harbi jirgin Sangara na kamfanin Elder Dempster yana tsaye a Accra. A farkon watan Yuni, jirgin yasar tasha mai suna Robert Hughes ya taka ɗaya daga cikin nakiyoyin a mashigar Ikko, ya nutse. A daidai wannan lokaci wani kwamanda, Günter Hessler, surukin Dönitz, ya nutsar da jirage 14 a fita ɗaya, akasarinsu a ruwan Firitawun ta Saliyo. Babu kwamandan Jamus da ya yi ɓarna irin wannan a fita guda har yaƙin ya ƙare. Tsofaffin da suka ba mu labarin tsadar gishiri da ƙarancin tufa a zamanin Hitila, wani ɓangare na dalilin yana kwance a ƙasan wannan teku.

To, waye Hartenstein?

An haife shi ranar 27 ga Fabrairu 1908 a garin Plauen da ke gabashin Jamus, nesa da teku. Ya tashi a ƙasar da aka ci da yaƙi. Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ƙayyade sojan ruwan Jamus kada su wuce mutum 15,000, ta kuma haramta musu mallakar jirgin nutso ko ɗaya. Saboda haka gurbin hafsa ya yi wuya ƙwarai. Ya nema karon farko ba a ɗauke shi ba, ya tafi jami'a ya taɓa karatun shari'a, ya sake nema, aka ɗauke shi a 1928. Ya yi horo a jirgin filafilai mai suna Niobe da jirgin yaƙi Emden, daga baya aka tura shi ƙananan jiragen yaƙi masu gudu a saman ruwa. Ya yi sintiri a gaɓar Sifen lokacin yaƙin basasar ƙasar. Da babban yaƙi ya ɓarke a 1939, shi ne kwamandan ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙananan jirage, kuma ya fita aiki sau 65 a tekunan Turai kafin ya koma rundunar nutso a watan Maris na 1941. Ashe ba yaro ba ne ya shiga wannan aiki. Yana da shekara 33, ya girmi da yawa daga cikin takwarorinsa, kuma tarbiyyar tsohon sojan ruwa ya samu, wadda a cikinta ceton wanda teku ta kama ba abin tambaya ba ne. Ranar 4 ga Satumba 1941 aka damƙa masa sabon jirgi, U-156, wanda aka ƙera a Bremen.

Sai na ɗan tsaya a kan yadda irin wannan jirgi yake, domin in ba a gane shi ba, ba za a gane nauyin abin da ya faru daga baya ba. Tsawonsa kimanin mita 77, mutanen ciki kimanin 50. Yawancin lokaci a saman ruwa yake tafiya da injin dizal. In ya nutse, injin ba ya samun iska, sai a koma batir, gudu ya ragu zuwa ƙasa da rabi, kuma dole a taso a yi cajin batir a sha iska. Farautarsa irin ta kada ce: jiki duka a cikin ruwa, sai ido kaɗai a sama, wato wani bututu mai madubi da kyaftin ke leƙawa. Makaminsa tofido, dogon bam mai farfela da ke gudu da kansa a cikin ruwa har ya daki cikin jirgi. A ciki babu wurin miƙe ƙafa. Gado ɗaya mutum biyu, wannan ya tashi wancan ya kwanta. Ruwan daɗi na sha ne da girki, babu na wanka, ana wata biyu ko uku a haka, ga warin dizal da gumi, ga burodi ya yi funfuna. Jikin jirgin kuma ba ya jure duka. Garkuwarsa ɗaya ce tak: in an hango jirgin sama, a nutse cikin ƙasa da minti ɗaya. Ku riƙe wannan. Jirgin da ya ɗora mutane a gadon bayansa ba zai iya nutsewa ba, ya ajiye garkuwarsa ke nan.

Fitarsa ta farko ta yaƙi sosai zuwa tekun Karibiyan ce, a Fabrairun 1942. Ranar 16 ga wata da tsakar dare ya shiga ruwan tsibirin Aruba, inda ake tace man Benizuwela, ya harbi jiragen dakon mai uku. Sannan ya ba da umarni a buɗe wa matatar wuta da babbar bindigar da ke saman jirgin. Cikin gaggawa da duhu, aka manta ba a cire murfin da ke toshe bakin bindigar don hana ruwa shiga ba. Harbin farko bakin ya tarwatse. Matuƙi ɗaya ya mutu, hafsan bindiga ya rasa ƙafa. Hartenstein ya nemi izini, ya kai mai raunin tsibirin Martinique na Faransa don a yi masa magani. Mutanensa kuma suka zauna da zarton ƙarfe suna goga, har suka yanke fasasshen bakin, suka ci gaba da harbi da guntuwar bindiga, suka nutsar da wasu jirage da ita. A fita ta gaba, cikin watan Mayu, ya fasa goshin jirgin yaƙin Amurka mai suna Blakeley. Ina faɗin waɗannan ne don kada wani ya zaci malamin zaure muke magana a kansa. Mutum ne da ya ƙware a aikin kisa, kuma yana yi wa gwamnatin da ta ɗauki baƙar fata ƙasa da ɗan Adam. A tsawon aikinsa ya nutsar da jirage kimanin 20.

Ranar 20 ga Agusta 1942 ya bar tashar Lorient a Faransa tare da wasu jiragen nutso, an tura su ruwan Afirka ta Kudu. A hanya, kudu da gaɓar Laberiya, arewa maso gabas da tsibirin Ascension, ranar 12 ga Satumba suka hango hayaƙi.

Laconia ne, babban jirgin fasinja na kamfanin Cunard, mai nauyin tan kusan 20,000, wanda gwamnatin Ingila ta karɓa don jigilar soja. Daga Suwez ta Masar ya taso. Da yake Bahar Rum ta zama fagen daga, sai da ya zagayo Afirka gaba ɗaya. Dalilin da ya sa ke nan a shekarun nan ake haɗa jiragen sama a Takoradi, su biyo ta Kano da Maiduguri zuwa Alƙahira. A cikin Laconia akwai mutum fiye da 2,700: ma'aikatan jirgi, sojojin Ingila, mata da yara kimanin 80, sojojin Folan masu gadi, da kuma fursunonin yaƙi 'yan Italiya kimanin 1,800 da aka kama a hamadar Libiya da Masar, an kulle su a can ƙasan jirgi inda ake zuba kaya. Mutanen Maradun da Mafara sun san 'yan Italiya, su ne na kamfanin Impresit da suka gina madatsar Bakolori a shekarun 1970. To, iyayen wannan tsara ne ke kulle a cikin jirgin. Laconia yana ɗauke da bindigogi, yana tafiya shi kaɗai ba rakiya, fitilu a kashe. A ƙa'idar da kowane ɓangare ke bi a lokacin, abin hari ne.

Hartenstein ya bi shi har duhu ya yi, wajen ƙarfe 8 na dare ya sake masa tofido biyu. Duka suka same shi. Ɗaruruwan fursunoni suka mutu nan take. Sauran suka yi ta dukan ƙofofin ƙarfe, wasu suka ɓalle suka hau sama, inda aka riga aka fara rububin kwale-kwalen ceto. Jirgin ya karkace, rabin kwale-kwalen ba su sauku ba. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin yadda aka kori fursunoni da bakin banati. Bayan sa'a ɗaya da 'yan mintoci Laconia ya nutse, da kyaftin ɗinsa Rudolph Sharp a ciki. Ga dare, ga mai a kan ruwa, ga jini ya jawo kifayen shak.

U-156 ya matso ne da niyyar kama kyaftin ko babban injiniya, kamar yadda aka saba. Sai suka ji ana ihun neman agaji da harshen Italiyanci. Aka tsamo mutum biyu, suka ce ai mu fiye da dubu ne a ciki. Italiya kuwa ƙawar Jamus ce a yaƙin.

A nan ne masu tarihi suka rabu. Wasu sun ce ba tausayi ba ne, tsoron fushin Musolini, shugaban Italiya, ne. Ban musa ba cewa da haka abin ya fara. Amma a duba abin da ya biyo baya. Da 'yan Italiya kaɗai yake so, da ya tsince su ya bar saura. Bai yi haka ba. Ya sa aka riƙa jawo duk wanda hannu ya kai gare shi, Bature ɗan Ingila, ɗan Folan, mace, yaro. Kafin gari ya waye mutum 193 ne aka tsamo zuwa jirgin da aka yi wa mutum 50. Mai dafa abinci ya kwana yana dafa miya da gahawa. Aka shigar da mata ciki, hafsoshi suka bar musu gadajensu, aka wanke wa masu rauni ciwo, aka shafa wa waɗanda mai da rana suka ƙona magani. Matuƙa suka riƙa bin kwale-kwalen da suka kife suna tayar da su, suna raba mutane don kada wani ya yi nauyi, suna miƙa ruwan sha.

Da asubahin 13 ga Satumba ya yi abin da kwamandan jirgin nutso ba ya yi. Ya buɗe rediyo, ba da zaurancen soja ba, da Turanci a fili yadda kowa zai ji, ya faɗi daidai inda yake, ya ce duk jirgin da zai zo ya taimaki mutanen Laconia ba zai taɓa shi ba, muddin shi ma ba a taɓa shi ba. Mutumin da rayuwarsa ta dogara ga ɓuya ya tona wa kansa asiri. Ya kuma roƙi manyansa a mai da wurin tudun mun tsira, inda ba a yaƙi. Dönitz ya turo jiragen nutso biyu, U-506 da U-507, Italiya ta turo Cappellini. Aka nemi gwamnatin Faransa ta Vichy, wadda ke riƙe da wasu ƙasashen maƙwabtanmu, ta taimaka. Jirgin yaƙi Gloire ya taso daga Dakar, Annamite daga Konakiri, Dumont d'Urville daga Kwatano.

Kwana biyu da rabi U-156 yana shawagi a saman ruwa shi kaɗai kafin 'yan'uwansa su iso ranar 15 ga wata. Turawan Ingila a Firitawun sun ji saƙon, amma sun yi zargin tarko ne. Sun sanar da Amurkawa da ke da sansanin jiragen sama na sirri a tsibirin Ascension cewa an nutsar da Laconia, sai dai ba su gaya musu cewa Jamusawa na aikin ceto a wurin ba. Wannan gutsuren labari da bai isa ba, shi ya jawo abin da za ku ji.

Ranar 16 ga Satumba da hantsi, jirgin saman Amurka mai ɗaukar bama-bamai ya ɓullo. Matuƙinsa, Laftanar James Harden, ya leƙo ya ga jirgin nutso na janye da kwale-kwale huɗu cike da mutane, samansa ma maƙil, an shimfiɗa farin ƙyalle mai jan kuros, alamar Red Cross, a kan bindiga. Hartenstein ya hana mutanensa kusantar bindigar kakkaɓo jirgi. Aka yi wa na sama sigina da fitila, har wani hafsan sojan saman Ingila da aka ceto ya aika da saƙo cewa akwai mata da yara a nan. Harden ya yi ta zagaye, ya tafi, ya tambayi Ascension abin da zai yi. Hafsan da ke bakin aiki, Kyaftin Robert Richardson, ya ce a nutsar da shi.

Adalci ya sa in faɗi hujjarsa. An tura jirage biyu na ɓangaren Ingila da Amurka wajen, yana tsoron a harbe su. Yana tsoron a gano sansaninsu, wanda ta nan jiragen Amurka ke ratsawa zuwa Afirka. Kuma a dokar yaƙi, shimfiɗa tutar Red Cross ba ya mai da jirgin yaƙi asibiti. Duk wannan gaskiya ne. Amma ni a ganina bai isa ba. Wanda ke sama ya ga kwale-kwalen da idonsa, ya san duk bam ɗin da zai saki a kan wa zai faɗa. Jirgin ya dawo bayan kimanin sa'a ɗaya ya yi ta saki. Bam ɗaya ya faɗa tsakiyar kwale-kwalen, ya kifar da ɗaya, ya kashe mutanen da kwana huɗu ke nan da kuɓutarsu. Wasu suka fashe a ƙarƙashin U-156, ruwa ya fara shiga. Hartenstein ya sa aka yanke igiya, aka fito da waɗanda ke ciki, ya matsa kusa da sauran kwale-kwalen ya ce su faɗa ruwa, ya nutse. Harden ya koma ya ba da rahoton ya hallaka jirgin abokan gaba, aka ba shi da mutanensa lambar yabo.

U-506 da U-507 ba su watsar da nasu mutanen ba. Washegari jiragen Faransa suka iso suka kwashi waɗanda suka samu. An ceto mutum 1,100 da 'yan kai, fiye da 1,600 sun mutu, mafi yawansu 'yan Italiya. 'Yan Ingilan da aka ceto an kai su Kasabalanka ta Maroko an tsare, har Amurkawa suka sauka can a watan Nuwamba. Wani kwale-kwale da ba a gani ba ya kama hanyar gaɓar Afirka da mutum 68. Bayan kwana 27 ya iso Laberiya da mutum 16. Cikinsu akwai wata ma'aikaciyar jinya, Doris Hawkins, wadda ta rubuta yadda ƙishirwa ta riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, da yadda mutanen ƙauyen bakin teku suka tarbe su da abinci.

Ranar 17 ga Satumba abu biyu suka fito daga hedikwatar Dönitz. Na farko, an ba Hartenstein babbar lambar jarumta ta Jamus. Na biyu, umarni ga dukan kwamandoji, wanda tarihi ke kira Umarnin Laconia. Abin da ya ƙunsa shi ne: daga yau ba ceto. Ba tsamo mutum daga ruwa, ba tayar da kwale-kwalen da ya kife, ba miƙa abinci ko ruwa. Aka ce su taurara zuciya, su tuna abokan gaba ba sa tausayin mata da yara in suna ruwan bama-bamai a biranen Jamus.

Wannan ne wurin da ya fi ci mini rai a labarin nan. Ba a rasa mugunta a yaƙin teku kafin wannan rana ba, amma akwai 'yar al'ada da ta rage: kwamandoji da yawa kan matso su tambayi sunan jirgi, su jefa wa mutane ruwa ko taba, su nuna musu inda tudu yake. Jamus ma ta sa hannu a 1936 kan yarjejeniyar Landan da ta ce kada a nutsar da jirgin kasuwa sai an sa mutanensa inda za su tsira. Bam na sa'a ɗaya ya ba masu taurin zuciya hujjar da suke nema, aka mai da rashin imani doka. Malamanmu sun karantar da mu cewa ko a fagen daga, in an ba mutum amana ba a cin ta, kuma wanda ya rasa ikon yaƙi ba a bin sa da makami. Mu a Zamfara ba sai an fassara mana wannan ba. Mun san abin da ke faruwa a hanya in aka taɓa wanda ya tsaya ɗaukar mai rauni: gobe mota goma za su wuce, babu mai taka birki, kuma waɗanda za su mutu a bakin titi ba su ne suka yi laifin ba.

Ba a jima ba aka ga sakamako. Ranar 29 ga Oktoba 1942, U-575 ya nutsar da Abosso, babban jirgin Elder Dempster da kafin yaƙi ke jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Ikko da Libaful. Cikin mutum 393, mutum 31 suka rayu. Ranar 28 ga Nuwamba, U-177 ya nutsar da Nova Scotia a gaɓar Afirka ta Kudu, shi ma cike da 'yan Italiya. Kwamandan ya ji ihun da Hartenstein ya ji, ya ɗauki mutum biyu, ya tambayi hedikwata, aka ce ya ci gaba da aikinsa. An sanar da 'yan Fotugal, jirginsu ya zo daga baya, amma mutum 858 sun riga sun tafi. Ku tuna kuma su wa ke kan wannan teku a shekarar da ta biyo. A 1943 aka loda Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma, cike da samarin Arewa, aka zagaya da su ta kudancin Afirka zuwa Indiya don yaƙin Bama. A shekarar nan Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya tafi Ingila tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma. Jiragen kaya kuwa, da yawa daga masu shebur a ɗakin wuta da masu wanki da girki 'yan Saliyo ne da Laberiya da Nijeriya. Kamfanin Elder Dempster kaɗai ya yi asarar jirage fiye da 20 a yaƙin.

Shi Hartenstein fa? Mutanensa suka gyara jirgin a teku. Ranar 19 ga Satumba, kwana biyu bayan umarnin, ya nutsar da jirgin kaya Quebec City. Bai daina kisa ba. Amma ya taso, ya yi magana da waɗanda ke cikin kwale-kwale, ya nuna musu hanyar gaɓar Afirka, suka kuwa isa. Ɗaya daga cikinsu, David Jones, mutumin Wales, ya rubuta littafi bayan shekaru masu yawa yana yaba masa. Ni ban iya kiran sa mutumin kirki kai tsaye, gawa 1,600 na tsakanina da wannan kalma. Ban kuma iya haɗa shi da sauran ba. Don a wannan ruwa dai, tsakanin Firitawun da Ascension, ranar 13 ga Maris 1944, wani kwamanda mai suna Heinz Eck ya nutsar da jirgin Girka Peleus, sannan ya shafe sa'o'i yana harbin katakan da mutane suka maƙale a kai, wai don ya ɓatar da sawu. Cikin mutum 35, uku suka rayu suka ba da shaida. Tuta ɗaya, horo ɗaya, teku ɗaya, amma da dare ya yi kowa da abin da ya zaɓa.

Hartenstein bai ga wannan ba. A Janairun 1943 ya fita karo na biyar. Zamani ya riga ya juya: jiragen sama sun yawaita, na'urar rada na gano jirgin nutso ko cikin gajimare, Ingila na karanta zaurancen Jamus. Ranar 8 ga Maris 1943, gabas da tsibirin Barbados, jirgin saman sojan ruwan Amurka ya faɗo daga cikin gajimare ya iske U-156 a saman ruwa, ya sakar masa bama-bamai, jirgin ya karye. Matuƙan saman sun ga wasu 'yan tsiraru suna iyo, suka jefa musu kwale-kwalen roba. Da aka turo jirgi nema, ba a samu kowa ba. Mutum 53 ne a ciki, shi yana da shekara 35. Bayan wata biyu, a Mayun 1943 kaɗai, Jamus ta rasa jiragen nutso kimanin 40, ɗan Dönitz na cikinsa yana cikin ɗaya. Cikin mutum kimanin 40,000 da suka fita yaƙi a irin waɗannan jirage, kusan 30,000 ba su dawo ba.

Da yaƙi ya ƙare aka zauna shari'a. Kotun sojan Ingila a Hambug ta yanke wa Eck hukuncin kisa, aka harbe shi ranar 30 ga Nuwamba 1945. A kotun Nuremberg aka gabatar da Umarnin Laconia a matsayin hujja a kan Dönitz, masu ƙara suna cewa umarnin kisan waɗanda suka tsira ne a fakaice. Sai lauyansa ya buɗe labarin gaba ɗaya, duniya ta ji wanda ya yi ceto da wanda ya saki bam. Ya kuma kawo rubutacciyar shaidar Admiral Chester Nimitz, babban kwamandan sojan ruwan Amurka a tekun Fasifik, wanda ya amsa cewa su ma tun ranar farko suke nutsar da jiragen Japan ba gargaɗi, kuma ba sa tsayawa ceto in akwai haɗari. Kotu ta ce umarnin ya saɓa wa yarjejeniyar 1936, amma ba za ta ɗora hukuncinta a kan wannan ba. An ɗaure Dönitz shekara 10 kan wasu laifuffuka, ya fito a 1956, ya mutu a 1980. Ba a taɓa gurfanar da kowa kan bam ɗin 16 ga Satumba ba. Richardson ya ci gaba da aikin soja har ya kai muƙamin birgediya janar.